Abin da Ke Sa Kaji Fige Gashin Junansu

Idan kana kiwon kaji a gida, ko akwai mai kiwonsu a gidanku, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wannan ba. Kaza lafiyarta ƙalau, tana ci tana sha, sai ka ga gashin bayanta ya fara raguwa daga wajen gindin wutsiya. Kwana biyu wurin ya yi sanƙo, fata ta fito ja. Kafin mako ya zagayo wata ma ta bi sahu. In abin ya yi tsanani, wata safiya a buɗe akurki a tarar da guda a kwance, 'yan uwanta sun yi mata rami a baya. Daga nan sai shawarwari su yi yawa. Wannan ya ce cuta ce, a aiki yaro ya sayo kafso ɗin nan ja da rawaya a zuba musu a ruwa. Wancan ya ce ƙuma ce. Wata ta ce ai kajin ne mugaye, a yanke musu baki a huta.

A garuruwa da ƙauyukan Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran ƙasar Hausa, kaza asusu ce, musamman ga matan aure. Ita ake kamawa a kai kasuwa in yaro ya kwanta rashin lafiya, ita ake yanka wa baƙo, ita ake tarawa saboda Sallah. Mai kaji goma in ta rasa biyu, kashi ɗaya cikin biyar na jarinta ke nan ya tafi. Figaggiyar kaza kuma ko ba ta mutu ba, mai saye a kasuwar Kwanar Dangora zai juya ta ya ce mara lafiya ce, ya karya mata kuɗi. Masana ɗabi'ar dabbobi sun shafe sama da shekara 40 suna bin diddigin wannan hali, domin yana jawo asara mai yawa a manyan gidajen gona na Turai. Abin da mafi yawansu suka tsaya a kai shi ne: bakin kaza an yi shi ne don tono da tsince-tsince yini guda, in ya rasa ƙasar da zai yi wa aiki sai ya koma kan gashin 'yar uwa.

Faɗa daban, figa daban

Kafin mu yi nisa, bari mu raba abu biyu da ake yawan haɗawa. Kaji suna da sarauta a tsakaninsu. Wani ɗan ƙasar Nowe mai suna Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda ya taso yana kallon kajin gidansu tun yana yaro, shi ya fara bayyana wannan a rubuce a farkon shekarun 1920: kowace kaza ta san wadda za ta iya sara da wadda za ta kauce wa. Saran sarauta a kai ake yin sa, ko a zanko, ko a wuya. Sau ɗaya ne, da ƙarfi, wadda aka sara ta yi ƙara ta gudu, magana ta ƙare. Galibi a bakin abinci ko wurin kwana za ka gan shi, ko ranar da aka kawo baƙuwar kaza.

Figar gashi ba haka take ba. Zauna ka lura da mai yin ta. Ba ta tayar da gashin wuya, ba ta nuna fushi. A natse take zuwa ta bayan 'yar uwarta, ta dubi gashin kamar yadda take duban ƙwayar dawa a ƙasa, ta kama, ta fizga. Sau da yawa ma ta haɗiye shi. Ƙaramar kaza tana iya yi wa babba. A 1995 wani masani a Cibiyar Roslin da ke Sikotilan, John Savory, ya rarrabe matakan abin. Akwai figa mai sauƙi, inda kaza ke ɗan tsattsagar bakin gashi ba tare da ta cire ba, wadda ake yi wa ma ba ta ko motsawa. Akwai mai tsanani, inda ake tumɓuke gashin daga tushe. Sai saran fatar da ta riga ta yi sanƙo har jini ya fito, wanda shi ke kaiwa ga cin naman juna. Sai kuma saran dubura, wanda za mu dawo kansa domin shi ya fi saurin kisa.

Kuma da zafi fa. Gwaje-gwajen da Michael Gentle ya yi a Sikotilan sun nuna hawan jinin kaza yana tashi duk sanda aka tumɓuke mata gashi, in aka ci gaba kuma sai ta durƙushe ta yi tsit. Wannan tsit ɗin ne ke sa mutum ya zaci abin bai dame ta ba.

Bakin da ya rasa aiki

Kakannin kajinmu wasu kajin daji ne jajaye da har yanzu suke rayuwa a dazuzzukan Indiya da kudu maso gabashin Asiya. A 1989 Marian Dawkins ta Jami'ar Oxford ta wallafa abin da ta gani bayan ta bibiyi irin waɗannan kaji da aka saka suna yawo a gidan namun daji na Whipsnade a Ingila. A cikin mintocin da suke a farke suna harkokinsu, kusan kashi 60 cikin 100 an gan su suna tsattsagar ƙasa, kashi 34 kuma suna tono da ƙafa. Abin mamakin shi ne ana ba su abinci kullum. Ke nan ba yunwa kaɗai ke sa kaza tono ba. Aikin kansa take buƙata. Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa ya ce kaza garin tone-tone take tono wuƙar yanka ta.

To yanzu ɗauki wannan tsuntsuwa ka sa ta a ɗaki mai daɓen siminti, ko keji mai ƙasan waya, ka zuba mata tsaba a kwano. Cikin 'yan mintoci ta cika cikinta. Sauran sa'o'i goma sha ɗaya na yini fa? Babu ciyawa, babu gara, babu ɓawon da za a juya. Abu ɗaya ne a ɗakin mai laushi, mai motsi, wanda in an ja shi yake biyowa: gashin 'yar uwarta.

Harry Blokhuis na ƙasar Holan ne ya gwada wannan tunani a tsakiyar shekarun 1980. Ya ga kajin da ke kan shimfiɗar da za su iya tonawa suna kashe lokacinsu a ƙasa, waɗanda ke kan daɓe mara komai kuwa suna komawa kan junansu, kuma in aka ɗauke kaza daga na farko aka kai ta na biyu sai figa ta ƙaru. A Danmak kuma Klaus Vestergaard ya ce a'a, rashin wurin birgima ne, wato wankan ƙura da kaza ke yi a toka ko rairayi. Wasu masana biyu a Suwizalan, Huber-Eicher da Wechsler, suka raba gardamar a 1997. Suka ba wasu 'yan tsaki rairayi, wasu kuma karan alkama. Masu rairayi sun yi birgimarsu son rai, amma ba su fasa figar juna ba. Masu kara ne figar ta ragu a cikinsu. Da suka sake gwaji a shekarar da ta biyo baya, sai suka ga dogon kara ya fi wanda aka daddatse ƙanana amfani, saboda dogon yana ba baki aikin ja da yaga. Riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Wannan ne ya sa kazar Hausa da ke fita da asuba ta bi bayan gida, ta bi turken awaki, ta bi bola da gindin rumbu, da wuya ka gan ta tana fige wata. Matsalar tana ɓullowa ne ranar da aka rufe ƙofa. A kudancin Kano kuwa dalilan rufe ƙofar suna da yawa. Da ruwan shuka ya sauka, musamman a Doguwa da Tudun Wada inda damina ke riga sauran jihar sauka kuma gonakin masara suke har bakin gida, dole a killace kaji kada su tone wa maƙwabci iri. Masu lambun rani a kewayen Tiga su ma ba sa son kaza kusa da fangalinsu. Ga shaho da shirwa, ga muzuru, ga ɓarayi. Ga gidajen cikin gari da ake ta yi wa daɓen siminti. Dubi abin takaicin: lokacin da ƙasa ta fi cika da ƙwari da ɗanyen haki, lokacin ne ake kulle kazar a ɗaki da busasshiyar dusa.

Sai kuma sabon salon kiwo da ya shigo. Mata da matasa da yawa yanzu suna sayen 'yan tsakin kwana ɗaya, ko Noiler da kamfanin Amo Farm na jihar Oyo ya samar, ko jajayen kajin ƙwai irin su ISA Brown da Shika Brown ta cibiyar NAPRI da ke Zariya, su zuba 30 ko 50 a ɗan kejin bayan ɗaki. Waɗannan 'yan tsaki inji ne ya ƙyanƙyashe su, ba su san uwa ba. Uwa kuwa makaranta ce. Ka lura da ita in ta tono abu: takan yi wani ɗan kira, ta ɗauka ta ajiye, ta ɗauka ta ajiye, har 'ya'yan su taru su sa baki a wurin. Tun kwanakin farko take nuna musu cewa ƙasa ake sara. Bayan haka in sun gaji duk tare suke shiga ƙarƙashin fukafukanta, cikin duhu da ɗumi, su fito tare. A kejin da fitila ke ci dare da rana kuwa, wasu na barci wasu na yawo, mai yawon ya zo ya tarar da ɗan uwansa kwance ba ya motsi, ya fara gwada bakinsa a kansa. Masu bincike a Danmak da Ingila sun kwaikwayi uwar da wani akwati mai ɗumi da duhu, mai labule a gefe, 'yan tsaki na shiga suna fita yadda suka so. Waɗanda suka tashi da shi sun fi ƙarancin figar juna har bayan sun girma. Kwali ko kwando da aka zagaye da tsummoki a kusa da abin ɗumama ɗaki zai iya yin wannan aiki, in dai an kiyaye wuta da hayaƙi.

Masara kaɗai ba ta gina gashi

Yanzu maganar abinci. Gashin kaza kusan kashi 90 cikin 100 furotin ne, wani irinsa mai tauri da ake kira keratin, irin wanda ke farcenka. Furotin kuma da ƙananan tubala ake gina shi, kuma akwai waɗanda jikin kaza ba ya iya ƙerawa, sai dai ta ci. Wanda ya fi shafar gashi shi ne metiyonin. Kaza mai ƙwai tana buƙatar abincin da furotin ɗinsa ya kai kashi 16 zuwa 17 cikin 100. Masara tana da 8 zuwa 9 ne kacal, dawa ta ɗan ɗara haka kaɗan. Kazar da ke yawo tana cike gurbin da gara da fara da tsutsa da ɗanyen ganye. Wadda aka kulle ake watsa wa masara da dusa, don masarar ce ke da araha a yankin, ba ta da inda za ta cike shi. Gwaje-gwaje da dama sun nuna figa da cin naman juna suna ƙaruwa in furotin ya yi ƙasa, haka ma in gishiri ya yi ƙasa ƙwarai.

Akwai wani tubali kuma, tiriftofan, wanda masara ke da ƙarancinsa sosai. Da shi ƙwaƙwalwa ke haɗa serotonin, sinadarin da ke da hannu wajen natsuwa da danne maimaita abu ba dalili. A Holan an gano cewa 'yan tsakin da suka fito daga zuri'a mai yawan figa aikin serotonin ɗinsu ya fi rauni, kuma wani bincike na 2004 ya nuna ƙara tiriftofan a abinci ya rage figa mai sauƙi a cikinsu.

Abin da za a cike gurbin da shi yana nan kusa. Waken suya ana noma shi a yankin, sai dai ɗanye yana hana kaza narkar da furotin, dole a soya shi ko a dafa a shanya kafin a ɓarza. Ƙuli-ƙuli da tunkuza suna da furotin mai yawa, amma a guji wanda ya yi funfuna, gubarsa tana lalata hanta. Wake da gyaɗa duk suna da ƙarancin metiyonin ɗin da muka ambata, don haka ɗan garin busasshen kifi ko tunkuzar riɗi yana gyara haɗin. Gara ma, wadda yara ke iya tarawa da tsohuwar tukunya da kashin shanu da kara, abinci ce ta gaske. Gishiri kuwa kamar giram 3 a kowane kilo na abinci ya isa. In ya wuce kima guba ne, kuma abincin buhu na kamfani ya riga ya zo da nasa, kada a ƙara.

Sai dai kada ka ɗauka abinci mai kyau shi kaɗai zai kashe maganar. Kajin Turai da ake auna wa komai da ma'auni su ma suna fige juna. Yadda abincin yake a baki ma yana da tasiri: an sha gwadawa an ga kajin da ake ba gari sun fi masu cin dunƙulallen abinci zaman lafiya, don kawai garin yana ɗaukar lokaci kafin a ƙoshi. Mun sake dawowa kan aikin baki ke nan.

Haske, zafi da jini

Idon kaza ya fi naka ganin launi. Kai iri uku na ƙwayoyin ganin launi gare ka, ita huɗu, har tana ganin wani haske da ke gaba da shuɗi wanda kai ba ka gani. Duk abin da ya bambanta da kewayensa, ko yake ƙyalli, sai ta gwada shi da baki. Haske mai ƙarfi yana ƙara figa mai tsanani, musamman irin tsinin hasken rana da ke ratsowa ta hudar kwano ya sauka a bayan kaza guda kamar an nuna ta da yatsa. Ƙwan sola da ake bari har gari ya waye don kaji su yi ta ci su yi saurin girma, shi ma yana hana su hutu. Kaza mai ƙwai sa'a 14 zuwa 16 na haske take buƙata, sauran duhu.

Zafi kuma yana zuwa ta hanya biyu. Kaza ba ta gumi, zafin jikinta kusan digiri 41 ne, sai dai ta buɗe baki tana haki. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, keji mai rufin kwano tanda ne. Ga takura da cunkoso, ga shi kuma kaza tana rage ci in zafi ya yi yawa, furotin ɗin da dama bai isa ba ya ƙara raguwa. Da hunturu kuma lissafin ya juya kan aljihunka: figaggiyar kaza ba ta da bargo, abincin da ya kamata ya zama ƙwai ko tsoka sai ya tafi wajen ɗumama jiki.

Da zarar jini ya fito, labari ya canza. Ja a kan fata yana kiran kowane baki a ɗakin, har kajin da ba su taɓa figa ba, kuma suna koyo daga juna. Sabon gashi mai tsirowa ma jini ne a cikin bututunsa, shi ya sa wurin da aka taɓa figewa ake sake komawa kansa. Saran dubura kuwa yakan fara ne sanda sagara ta soma ƙwai. A lokacin da ƙwai ke fita, jan naman ciki yana ɗan leƙowa kafin ya koma. In a fili take yin ƙwan, cikin haske, wata na tsaye a bayanta, sara ɗaya ya isa ya buɗe ƙofa, kuma suna iya jawo hanjinta waje cikin ɗan lokaci. Tsohuwar dabarar iyayenmu mata ta kifa fasasshiyar tukunya ko ajiye kwando a lungu mai duhu don kaza ta yi ƙwai, kariya ce babba daga wannan. Haka sandar da suke hawa su kwana: ko dai ta yi ƙasa sosai, ko ta yi sama yadda ta ƙasa ba za ta miƙa wuya ta kai ga bayan ta sama ba.

Akwai gado a ciki

Ba duk kaji ne halinsu ɗaya ba. A Danmak, Joergen Kjaer da abokan aikinsa sun ware masu yawan figa suna haɗa su aure, suka ware marasa yi su ma haka, cikin 'yan zuri'o'i kaɗan suka sami dangi biyu da halinsu ya yi hannun riga. A 2004 Linda Keeling da tawagarta a Suwidin suka wallafa a mujallar Nature cewa har wadda ake figewa ma akwai gado a lamarinta: a garken da suka bincika, kaji masu launi sun fi farare shan figa, kuma sun danganta hakan da ƙwayar gado guda mai sarrafa launin gashi.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin William Muir na Jami'ar Purdue a Amurka. Da ma masu samar da iri kan zaɓi kazar da ta fi kowa ƙwai a keji su yi iri da ita. Muir ya lura cewa sau da yawa ta fi su ne don ta danne su. Sai ya daina zaɓen kaza ɗaya ɗaya, ya koma zaɓen kejin da jimillar ƙwansa ta fi yawa, ba tare da an yanke wa kowa baki ba. A rahotonsa na 1996, mace-mace a shekara ta sauko daga kashi 68 cikin 100 a zuri'a ta biyu zuwa ƙasa da kashi 9 a ta shida.

Kafin ka ɗora wa figa laifi

Ba kowane sanƙo ne figa ba, don haka kama kazar ka duba. In gashin bayanta ne ya kakkarye a tsakiya, tare da ɗan sanƙo a ƙeya, kuma zakaru sun yi yawa, wannan sawun barbara ne. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma. In ka buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da kewayen dubura ka ga ƙananan ƙwari suna gudu, ko farin ƙwai manne a gindin gashi, ƙuma ce ko ƙwarƙwata, maganinsu daban. Mai kwanci takan rasa gashin ƙirji don ƙwai ya ji ɗumin fatarta. Akwai kuma kajin da haka aka ƙyanƙyashe su ba gashi a wuya, gado ne, har ma yana taimaka musu jure zafi. Kaza kuma takan zubar da tsohon gashi ta sake sabo, galibi tana daina ƙwai a lokacin, kuma za ka ga sababbi suna tsirowa a jere ba rauni.

Ga wata alama mai sauƙi: dubi ƙasa. In zubar gashi ce, ɗakin zai cika da gashi. In kaji suna sanƙo amma ka rasa ko ƙaramin gashi ɗaya a ƙasa, to cinye shi ake yi.

In ka tabbatar figa ce, fara da mai rauni. Fitar da ita nan take, a wanke wurin da ruwan gishiri mai ɗumi, a shafa maganin nan mai launin shuni da ake kira GV, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta ya kuma ɓoye jan. Kada ta koma sai ta warke sarai, kuma da dare a mayar da ita. In raunin ya yi zurfi ko hanji ya fito, wannan aikin malamin dabbobi ne. Kafso a ruwan sha kuwa ba ya taɓa ɗabi'a ko kaɗan. Asarar kuɗi ne, yana saura a ƙwai da naman da yara za su ci, yana kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure magani.

Sannan ka ba sauran aikin yi, kuma a nan mutumin kudancin Kano ya fi manomin Holan sa'a, domin abin da wancan ke saye da kuɗi, a nan tsallake shi ake yi a hanya. Ɓuntun shinkafa yana nan tuli a bakin injinan Tudun Wada. A shimfiɗa shi a ƙasa da kauri, kamar faɗin tafin hannu, ya zauna a bushe; shimfiɗa ce fa, kada a cuɗa shi a abinci don ba ya narkewa. A watsa ɗan tsaba a ciki da rana su yi ta nema. A rataya damin harawa ko karmami daidai kansu, a bar shi da tsawonsa kamar yadda gwajin Suwizalan ya nuna. A ba su zangarniyar dawa ko masara a jikin totuwarta maimakon a sussuke musu. Ganyen zogale, yakuwa, rama, ɓarin kabewa, duk suna ɗaukar baki sa'o'i. A Roslin an gwada abubuwa iri iri aka ga tufkar farin zare da aka rataya tana jan hankalin kaji ƙwarai har ta rage figa. Zaren farin buhu zai yi, in an ɗaure shi tamau yadda ba za su haɗiye ba. A canza abin lokaci lokaci, don su ma suna gajiya da abu ɗaya. Kaskon toka da rairayi a gefe yana taimaka musu da ƙuma. A rage cunkoso: dokar Tarayyar Turai ba ta yarda a wuce kaza 9 a murabba'in mita ɗaya ba a kiwon ƙasa, a can inda ake sanyi ke nan, a zafinmu rabin haka ya fi. In da hali a sake su ko na sa'a ɗaya ne kafin magariba, lokacin ba sa nisa, da kansu za su dawo.

Yanke baki fa? Gaskiya yana rage ɓarna, shi ya sa manyan gidajen gona ke yi. Amma ba ya cire sha'awar figar, makamin kawai yake dakushewa. Bakin kaza kuma ba kamar farce yake ba, cike yake da jijiyoyin ji har kusa da tsininsa, da shi take tantance tsakuwa da ƙwaya. Yanke shi da wuƙa mai zafi, musamman ga babbar kaza, yana iya barin ciwo mai daɗewa. Nowe ta hana shi tun 1974, Finlan a 1986, Suwidin a 1988. Ga kazar gida ma asarar ta fi yawa, domin mai guntun baki ba ta iya tsince-tsince sosai in an sake ta, ba ta kuma iya cire ƙwarin jikinta, sai ƙwarƙwata ta yi mata yawa. Ga mai kaji 20 a bayan ɗaki, ban ga dalilinsa ba.

Abin da ya fi shi sauƙi shi ne gano mai laifin, domin yawanci kaji ƙalilan ne ke yin mafi yawan figa mai tsanani. Samu kujera bayan azahar, lokacin da aka gama ƙwai kuma ciki ya cika, ka zauna shiru na minti 20. Za ka gan ta. Sau da yawa ita ce mai gashi sumul a cikin figaggu. Shafa mata shuni a ƙafa don kada ta ɓace maka, ka ware ta na mako guda yayin da kake gyara ɗakin. In ta dawo ta ci gaba, to ita ce ta tukunya ranar da baƙo ya zo, kuma kada a sa wa mai kwanci ƙwanta.